Daga "An Ce" Zuwa Wanke Suna: Yadda Muke Bin Zargi a Majalisar Dattawa

Ikilisiyarmu tana yankin Mayo-Tsanaga ne, a Arewa Mai Nisa ta Kamaru, kusa da iyakar Najeriya. Da Hausa muke sujada domin ita ta haɗa mu: akwai Mafa, akwai Kapsiki, akwai 'yan'uwan da rikici ya koro daga wajajen Gwoza, waɗanda wasunsu suka fara zama a sansanin Minawawo da aka buɗe a 2013. A gida kowa da harshensa, a kasuwa Fulatanci, a ofis Faransanci. Magana ɗaya takan ratsa harsuna uku kafin ta iso kunnen dattawa, kuma duk inda ta ratsa sai an yi mata ƙari. Zarge-zargen da suka fi zuwa gabanmu su ne cin kuɗin baikon majami'a, zina, maita, da wanda ya fi su haɗari, wato a ce wane yana kai wa 'yan Boko Haram labari ko kaya. Wa'azi a kan harshe muna yi, Yakubu sura 3 babu wanda bai sha jin ta ba. Amma abin da ya fi rage tsegumi shi ne jama'a su san magana tana da ƙofa ɗaya ta shiga, kuma duk wanda ya kawo ta zai tsaya a bayanta da sunansa.

Da wuya zargi ya zo da sunan ƙara. Yakan zo ne da yamma, bayan doguwar gaisuwa: "Baba, akwai abin da ke damuna, amma don Allah kada ku ce ni na faɗa." Ko a shigo da shi ta hanyar roƙon addu'a: "Mu sa 'yar'uwa wance a addu'a, kun dai san halin da ake ciki." Dattijon da aka samu ba ya bari a zazzage masa labarin duka. Tun da wuri yake tsayar da mai magana ya yi masa tambaya uku. Da idonka ka gani ko ji ka yi? Ka same shi, kai da shi kaɗai, kamar yadda Matiyu 18:15 ta koyar? Ka yarda mu gaya masa kai ne ka kawo maganar? Maganganu da yawa a nan suke mutuwa. Wanda ya ce ji ya yi, sai a tambaye shi daga bakin wa, a kuma gaya masa cewa daga yau shi ne ƙarshen hanyar wannan magana, in aka sake jin ta daga bakinsa shi za a kira.

Akwai inda ba ma tura mutum ya je shi kaɗai. Yarinyar da ke ƙarar babban mutum, ko matar da ke ƙarar fasto ko malamin kwaya (mawaƙan ikilisiya), ba a ce mata ta koma ta same shi a keɓe. Yin haka miƙa ta ne ga wanda take tsoro. Wata dattijuwa daga zumuntar mata ce ke riƙe ta, ta rako ta gabanmu.

Wasiƙar da ba suna ba ta zama ƙara, ba a karanta ta a majalisa. Sai dai in ta shafi kuɗi ko yara, mukan duba littafin kuɗi ko tsarin ajin yara kamar binciken da aka saba, ba tare da an ɗora wa kowa laifi ba.

In mai ƙara ya amsa zai tsaya da sunansa, sai rubutu. Magatakarda yana da littafi ɗinkakke mai lambar shafi, wanda in an yage takarda za a gane. Ba a rubuta ƙara a waya, ba a rubuta ta a warwarar takarda. Abin da ke shiga shi ne wa, ya yi me, yaushe, a ina, wa kuma yake wurin. Kalmomi irin su "kowa ya sani" da "dama halinsa ne" ba sa shiga littafi. Sannan a karanta wa mai ƙara da harshen da ya fi ji, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Tafinta ba ya zama dangin ɗayansu, kuma jimla-jimla yake fassarawa, ba ya jira a gama ya taƙaita, domin a wajen taƙaitawa ne "na gan su a kan babur ɗaya ranar kasuwa" yake komawa "suna yawo tare". Kafin ya sa hannu mukan karanta masa Maimaitawar Shari'a 19:15-19, inda aka ce alƙalai su bincika sosai, mai shaidar zur kuma a yi masa abin da ya nufi yi wa ɗan'uwansa. Mukan kuma sanar da shi cewa sashe na 304 na kundin dokokin laifuffuka na Kamaru ya tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 5 da tara ga wanda ya kai ƙarar ƙarya gaban wata hukuma, ta gwamnati ko wadda ba ta gwamnati ba, sai in ya nuna yana da dalili mai ƙarfi na gaskata abin da ya faɗa. Ba don a tsorata shi ba ne, don ya san nauyin abin da zai ɗauka.

Majalisa gaba ɗaya ba ta zama a kan ƙara. Mutum uku ake zaɓa, kuma zaɓen nan ya fi yadda ake zato wuya a ƙaramar ikilisiya. Dangi na jini ya fita, suruki ya fita, wanda ke bin ɗayansu bashi ko ake bin sa ya fita, haka wanda suke adashi ɗaya ko suke da rigimar iyakar gona. Ba a ɗauko su ukun daga ƙabila ɗaya, in ba haka ba hukuncin ko na gaskiya ne za a ce ƙabilanci ne. In maganar ta shafi mace, dole a cikinsu a sami mace. Fasto ba ya shiga, domin bayan an gama shi ne zai yi kiwon su biyun, kuma da wuya mutum ya buɗe zuciyarsa ga wanda ya yi masa tambayoyin bincike jiya. In faston ne ake zargi, ko ɗaya daga cikin dattawa, 1 Timoti 5:19 ta hana karɓar ƙarar sai da shaidu biyu ko uku, kuma in an same su ba mu ke zama ba, shugabannin gunduma ake miƙa wa. Ayar da ke bi mata ta ce wanda ya yi zunubi a tsawata masa a gaban kowa, don haka ba mafakar shugabanni ba ce.

Cikin kwana uku a sanar da wanda ake zargi, cikin mako biyu a gama. Da damina, lokacin da kowa yake gona, akan ƙara mako ɗaya, amma ba a wuce haka. Ƙarar da ta yi wata biyu a hannun dattawa, an riga an yanke hukuncinta a bakin rijiya da wurin injin niƙa. Wurin zama ma abin lura ne. Ba a zama a majami'a bayan sujadar Lahadi, inda kowa zai ga waɗanda aka ce su tsaya. Ba a zama a tsakar gidan fasto, zana ba ta tare murya. Ɗaki mai ƙofa ake samu, a ranar aiki, kowa ya zo a lokacinsa.

Mutum biyu ne ke zuwa wurin wanda ake zargi, ido da ido, ba ta waya ba. Su gaya masa abin da aka rubuta duka, da sunan wanda ya faɗa. Ba a ce masa "akwai wata magana a kanka, ka bincika zuciyarka", wannan azabtarwa ce, kuma takan sa mutum ya fara zargin mutane goma da ba ruwansu. Ba a kuma neman amsarsa nan take. A ba shi kwana biyu ya huce, ya tuna, ya nemo shaidunsa, ya zo da mutum ɗaya da ya amince da shi. Nikodimu ma abin da ya tambayi 'yan majalisa ke nan a Yahaya 7:51, ko shari'a takan hukunta mutum ba a ji daga bakinsa ba. Karin Magana 18:17 kuma ta ce wanda ya fara kawo ƙara shi ake gani da gaskiya, sai abokin shari'arsa ya zo ya yi masa tambayoyi.

A wannan gaɓa ce ikilisiyoyi da yawa suke yin ɓarnar da ba ta gyaruwa: a hana mutum jibin Ubangiji, ko a mayar da shi bencin baya, "kafin a gama bincike". Jama'a ba sa bambanta wannan da horo. Ranar da aka ga tiren jibi ya wuce shi, an gama da sunansa. Mu ba ma taɓa wurin zamansa ko cin jibinsa. In ma'aji ne, a haɗa shi da mutum na biyu wajen buɗe akwati. In maganar yara ce, nan kam a janye shi daga ajin yara a ranar, ba tare da sanarwa ba, domin kare yaro ba ya jiran hukunci.

Shaidu a rana ɗaya ake jin su, ɗaya bayan ɗaya, wanda ya fito ba ya komawa ya zauna da wanda bai shiga ba, wayoyi kuma suna kan tebur. Ba a tambayar "ka ga ya shiga ɗakinta, ko ba haka ba?" Ana cewa ne, "Mama, ku faɗa mana abin da kuka gani ran nan, daga farko." Babban aikin shi ne bin magana baya-baya har tushenta. Mutum shida za su iya zuwa da labari ɗaya, in ka bi sai ka tarar biyar daga bakin na shidan suka ji, shi kuma inuwa ya hango da dare. Wannan shaida ɗaya ce, mai rauni ma. Tushe ake ƙirgawa, ba bakuna ba. Ko cikar shaidu biyu ba ta isa a rufe ido ba: Nabot da shaidu biyu aka jefe shi a 1 Sarakuna 21, kuma an shirya su ne. Shi ya sa muke tambayar ƙananan abubuwa, da wane lokaci, akwai farin wata ko babu, ta wace ƙofa, kai me ya kai ka wurin. Masu gaskiya sukan saɓa a ƙananan abubuwa su haɗu a babba. Waɗanda bakinsu ya zo ɗaya kalma da kalma, har da inda suke tsayawa su yi ajiyar zuciya, su muka fi yi wa kallon tsanaki.

Hoton hira da saƙon murya na WhatsApp yanzu sun zama ruwan dare a gabanmu. Hoton hira shi kaɗai ba hujja ba ne, domin kowa zai iya ajiye wata lamba da sunan wanda ya ga dama ya rubuta wa kansa abin da yake so. Sai an kawo wayar, an buɗe hirar, an karanta lambar ɗaya bayan ɗaya, an duba abin da ya gabata da abin da ya biyo baya. Saƙon muryar da aka tura daga hannu zuwa hannu ba ya nuna wanda ya fara ɗauka, ba ya nuna ko an yanke shi.

Ƙarar kuɗi ta fi kowace sauƙin warwarewa, in dai an zauna an yi lissafi, kuma sau da yawa giɓin da ake kira sata yana da wani dalili. Baikon godiya na kaka da hatsi ake kawo shi: dawa, masara, gyaɗa, wake. An auna shi da ɗanyensa a watan Oktoba ko Nuwamba, an sayar bayan wata huɗu ya bushe, ƙwari sun ci wani, kuma kwanon da aka auna da shi ba shi aka sayar da shi ba. Akwai naira da ke shiga kwandon baiko tare da sefa, an rubuta ta da canjin wannan mako, an canza ta da na wani mako. Akwai kuɗin cirewa na Orange Money ko MTN da ba wanda ya rubuta. Akwai rancen da fasto ya ce da baki a ba mai majinyaci, ba takarda, shi kuma ma'aji kunya ta hana shi ambaton sunan wanda ya karɓa. Sai an cire waɗannan duka kafin a ce kuɗi sun ɓata. Maganin wannan ƙara tun kafin ta taso shi ne mutum biyu su ƙirga baiko a gaban ma'aji kowace Lahadi, su ukun su sa hannu, a kuma karanta shiga da fita a gaban jama'a duk wata. Bulus ma da ya tara gudummawa bai riƙe ta shi kaɗai ba, ya faɗi dalilinsa a 2 Korantiyawa 8:20-21.

Maita ita ce ƙarar da ba ta da shaida, kuma ita ta fi saurin ruguza gida. Abin da ake kawowa mafarki ne, ko sunan da yaro ya ambata cikin zafin zazzaɓi, ko "wahayin" wani mai addu'a. Ba ɗaya daga ciki da muke karɓa. Marar lafiya a kai shi asibiti a gwada jininsa, domin zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai yakan sa sambatu, haka sanƙarau da ke zuwa da rani. Duba kuma waɗanda ake nuna wa yatsa: tsohuwar da mijinta ya rasu, matar da ba ta haihu ba, baƙon da gonarsa ta fi ta maƙwabta kyau. Sashe na 251 na kundin laifuffuka yana hukunta aikin maita da ɗaurin shekara 2 zuwa 10, saboda haka wannan kalma tana iya kai tsohuwa kurkuku, in ma ta tsira daga hannun matasan unguwa. A ranar da muka ji an ambaci wata, dattawa biyu da matansu sukan je gidanta da rana tsaka, su zauna a ƙofar gida, su ci tuwonta kowa yana gani. Wannan ya fi sanarwa daga bagadi aiki.

Zargin hulɗa da Boko Haram kuwa ba hurumin majalisar dattawa ba ne. Dokar yaƙi da ta'addanci ta 23 ga Disamba 2014 ta kai irin wannan shari'a kotun soja, hukuncinta yana kaiwa har kisa. Wanda ya ga wani abu da idonsa, mu ce ya je wurin hukuma da kansa ya faɗi iyakar abin da ya gani, ba ma ɓoye kowa. Wanda ji ya yi, mukan tambaye shi a fili ko akwai bashi, ko gona, ko neman aure tsakaninsa da mutumin, mu kuma gaya masa cewa maganar da ya saki a majalisar shayi tana iya kaiwa kunnen 'yan sintiri kafin gari ya waye. Haka fyaɗe da lalata da yara: a kai asibiti cikin awa 72, lokacin da maganin kariya daga cutar ƙanjamau yake aiki, a sanar da jandarmomi, kada kuma wani dattijo ya je ya lallashi iyaye su yi shiru don sunan ikilisiya. Dokar hana tsegumi ba ta rufe bakin wanda aka zalunta.

Bayan shaidu sai a haɗa su biyun, kowa ya yi wa ɗan'uwansa tambaya ta bakin shugaban zama. Sakamako ɗaya ne cikin uku: an tabbatar, ƙarya ce, ko ba a tabbatar ba. Na ukun ya fi yawa, ya kuma fi wahalar faɗa, domin dattawa sukan so su raba laifi biyu don kowa ya tafi da ɗan abu. Ba ma yin haka. Abin da ba a tabbatar ba, mutumin ba shi da laifi a gaban ikilisiya, shi ke nan. Muna kuma raba wanda ya ƙaga da wanda ya ga abu ya yi masa mummunar fahimta amma ya biyo ta ƙofar da ta dace. Na farko yana shiga horo. Na biyu ba a hore shi, har akan gode masa da bai kai maganar kasuwa ba. In aka hori duk wanda ƙararsa ta faɗi, ba mai sake zuwa, magana kuma ta koma raɗa.

Wanke suna shi ne inda aiki yake, shi ne kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. An ɓata mutum a gaban ɗari, a ba shi haƙuri a gaban uku, a ce an sasanta. Ƙa'idarmu ita ce inda magana ta kai, nan gyara zai kai. In a taron zumuntar mata aka faɗa, a can za a janye. In a zauren WhatsApp na matasa ne, mai maganar zai sa muryarsa a wannan zaure, ba rubutu ba, masu kula da zauren kuma su goge saƙon farko in lokacin gogewa bai wuce ba. In ba ta wuce mutum huɗu ba, ba a kai ta bagadi, kada garin gyara a sanar da waɗanda ba su taɓa ji ba. Kalmomin ma muna duba su tun kafin ranar. "In na ɓata maka rai ka yi haƙuri" ba janyewa ba ce. Abin da za a ji shi ne: "Abin da na faɗa a kan Baba wane ba gaskiya ba ne, ni na faɗa, na roƙi gafararsa da taku." Ba a maimaita zargin dalla-dalla. A wannan Lahadin wanda aka wanke zai koma aikinsa, ya riƙe akwati ko ya ja waƙa, kowa ya gani.

Za ka ji masu cewa ruwa ba ya tsami banza. Yusufu ya yi zaman kurkuku a Masar a kan rigar da ya bari a hannun matar maigidansa yana gudun zunubi, kuma rigar hujja ce da ido ya gani. Dattijon da ya ji wannan karin magana bayan an rufe ƙara, a wurin yake tsayar da mai faɗa.

Sannan a bi asarar da aka yi. In an fasa baikon aure saboda maganar, dattawa su taka zuwa gidan surukai da kansu. In ta kai kunnen jauro ko lawan (masu sarautar gari), ko shugaban wurin aikinsa, a je a faɗa masa yadda aka ƙare, da takarda in ya nema. Wanda aka ɓata yana da damar zuwa kotu: sashe na 305 ya tanadi ɗaurin kwana 6 zuwa wata 6, ko tarar sefa 5,000 zuwa miliyan 2, ko duka biyu, a kan ɓata suna, kuma wa'adin kai ƙarar wata 4 ne kawai. In ta waya ko intanet aka yaɗa labarin da ba za a iya tabbatarwa ba, sashe na 78 na dokar laifuffukan intanet ta 21 ga Disamba 2010 ya kai ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2, ko tarar miliyan 5 zuwa 10, ko duka biyu. Mukan roƙe shi, bisa 1 Korantiyawa 6, ya bari a gama a gida, amma ba ma hana shi, ba ma kuma jan zama da gangan har wa'adinsa ya wuce.

Wanda bai gamsu da hukunci ba yana da wata ɗaya ya ɗaukaka zuwa gunduma, magatakarda ne zai kai littafin da hannunsa. In kuwa wani abu daga cikin zaman ya fita waje, ba sai an yi dogon nema ba, mutum uku ne da magatakarda da tafinta. Wanda aka samu, ko da matarsa kaɗai ya gaya wa, ya sauka daga zaman ƙara, kuma shi ma zai je ya nemi gafarar wanda ya tona. Bayan wata uku, ɗaya daga cikin ukun yakan ziyarci ɓangarorin biyu, kowa a gidansa, ya tambayi ko maganar ta sake tasowa da kuma daga bakin wa. Abin da ya samu shi ake rubutawa a ƙasan shafin, su ukun su sa hannu, a mayar da littafin akwati mai makulli biyu, ɗaya a hannun magatakarda, ɗaya a hannun shugaban majalisa.